Sun Kashe Baba a Takarda

Talata da dare, Satumba 1989

Yau na raka Baba ofishin tsofaffin sojoji, mu ji dalilin tsayar da tallafin karatun ƙanwata Hadiza. Wai sun duba jerin matattu, sun ga Musa Rogo, wato sunan Baba, ya rasu. Lokacin yaƙi kowa da sunan garinsu ya shiga soja, Musa Rogo nawa ne? Ba wanda ya aiko a tambaya.

Baba ya ce wa akawun ofishin, "Ɗana, ga ni gabanka."

Akawun ya ce, "Baba, takarda ba ta ƙarya. Kawo shaidar kana raye."

Muka juyo gida. Litinin za a koro Hadiza daga makaranta. Gobe zan roƙi dagaci ya rubuta musu cewa mutumin da yake sallar asuba sahu ɗaya da shi bai mutu ba.