Wayar da Na Fizge

Laraba, bayan isha'i

Na kasa cin tuwo. Da na ɗaga loma sai muryar malaminmu na kwamfuta ta dawo mini, na mayar da ita kwano.

Yau ya koya mana yadda kwamfutocin ajin suke ganin juna ta shuɗiyar wayar da ke bayansu. Ashe labarin da nake bugawa in an tashi, na Nabila da sojanta, a bainar jama'a na ajiye shi ban sani ba. Daga kujerarsa ya buɗe babi na ɗaya, wai misali. Yana tsotsar ƙayar kifi, maiƙo har haɓa, ya maƙale murya yana karanta inda Nabila ke kuka a tashar Zuru. Aji ya kwashe da dariya.

"Amarya, wanga soja maigidanki ne? Bari mu ga babi na biyu!"

Shi ne mana. Duk abin da na kasa faɗa masa ranar da aka tura su daji yana babi na biyu.

Maman Joy da ke zaune kusa da ni ta zungure ni. "Ke, ba waya ya ce tana haɗa ku ba?"

Na sunkuya na fizge ta daga bayan kwamfutata. Malam ya danna, ya sake dannawa, babi ya ƙi buɗuwa.

"Wa ya taɓa mini waya?"

"Ni ce, Malam. Na gane darasin."

Gobe zan koma, don sai na iya. Amma Nabila ba za ta ƙara kuka a bakin mutumin nan ba.