Kilon Gwamnati Ya Rame

Zuwa ga matata Nabawiyya,

Gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Yaya tarin Inna? Saniyar ta haihu? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Gidan awon gwamnati da nake yi wa shara ya bunƙasa, bara ɗaki biyu, bana bene guda. An kawo wani dunƙulen ƙarfe daga Turai, wai da shi za a gwada kowane kilo na ƙasar nan. A cikin gilashi yake, ba a taɓa shi da hannu.

Ranar Asabar aka auna shi, aka ce ya ragu, ragin da bai kai ƙwayar riɗi ba. Tun ranar kowa ke kallon kowa a kaikaice. Shugabanmu, Dakta Wadi, yana zargin mataimakinsa, wanda ya daɗe yana hangen kujerarsa. Mataimakin kuwa ya fara saya mini shayi. Mutumin da shekara biyu bai amsa sallamata ba! Jiya ya ce, "Baba Shehata, kai da kake riƙe da makullai, ba ka ga komai ba?" Na ce, "Yallaɓai, mai shara ƙasa yake kallo."

Kada ki damu. Amma kin tuna wasiƙar da na ce miki na goge wani ƙarfe da toka har ya yi ƙyalli, ranar zuwan manyan baƙi? Ki ƙona ta yau. Kuma ki gaya mini, wa ya karanta miki ita?

Allah ya rufa mana asiri.

Mijinki,
Shehata