Sanda Mai Gajeren Mariƙi

Litinin, 2 ga Oktoba

Yau sana'ar haɗa sandar kamun kifi ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, kuma ni, Torleif, ƙaddara ta zaɓa in zama shaida. Halvard, abokina tun muna yara, ya shigo shagona yana son sandar manyan kifayen tsakiyar teku. Na ɗauko awo zan gwada shi daga gwiwar hannu zuwa tafi, domin mariƙi a jikin mai shi ake aunawa. Ya janye hannu, ya miƙo mini guntun zare.

"Ga awon nan, sarkin surutu. Kuma ta bahago za ka yi."

Halvard ba bahago ba ne. Zaren ma bai kai tsawon hannunsa ba. Rigarsa ta yi masa yawa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na tanƙwara sandar, na mirgina ta har na gano ƙashin bayanta, wato gefen da take son rusunawa. A kansa ake jera zobban da igiya ke bi. Masanan Girka sun cika littattafai kan halin ɗan Adam. Da sun mirgina sanda ɗaya da sun huta.

Oddny, mai ɗakina kuma majalisar ƙolin gidan nan, ta ce bahaguwa ɗaya ce a zuriyar Halvard: Ingunn, 'yarsa da ke aiki a birnin Bergen. Ta ce kuma an gan shi ya dawo daga asibitin birni da jakar magani. Ban tambaye ta ba. Haka take.

Laraba, 11 ga Oktoba

Naɗin ado: zare shuɗi mai duhu da ruwan azurfa, ƙirar ɓawon kifi. Gidan tarihi ne ya dace da ita. Teku ya yi baƙi tun safe.

Asabar, 14 ga Oktoba

Halvard ya zo dubawa. Sai da ya tsaya hutu tsakanin ƙofa da kujera, tazarar da kyanwa ke tsallakewa.

A garin nan sunan mai sanda kaɗai ake rubutawa kafin a shafa gam mai sheƙi. Sunan wani ba ya hawa sai in sandar ta gado ce.

"Rubuta Ingunn."

Na fara yi masa bayanin al'adar tun daga kakanni, cikin tsari.

"Na san al'adar, malamin jami'a. Rubuta."

Wai zai fita teku da sandar sau ɗaya, shi kaɗai, can bayan tsibiran, ya buɗe mata baki da kifi, sannan ni in aika wa yarinyar. Na ce shi me zai hana ya aika? Ya ce kofina ya yi sanyi kamar hirata.

Mutumin da bai iya kaiwa kujera. Shi kaɗai, a Oktoba, watan guguwar teku.

Talata, 17 ga Oktoba

Gam bai bushe ba. Haka na sanar da shi. Gam ya bushe tun shekaranjiya.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na gano aibi a naɗin zoben ƙarshe, aibin da idon gama-gari ba zai gani ba. Nawa ma bai gani ba. Na kwance.

"Kai mutumin nan, har yaushe za ka yi ta kwance zoben nan?" in ji Oddny. "Ka kira 'yarsa mana!"

Na fahimtar da ita cewa sirrin mai saye amana ce tun zamanin Rumawa. Ta ce Rumawan su zo su ɗauki gawarsa.

Halvard ya ba maƙwabcinsa karensa, har da kwanon.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Halvard ya zo, bai zauna ba ma.

"Torleif, ni ma na san gam. In ba ka gama ba, da tsohuwar sandata zan fita. Asabar iska za ta kwanta."

Na bi shi da kallo har mashigar jiragen ruwa. Tsuntsayen teku duk sun dawo tudu.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Na rubuta sunan, na shafa gam na ƙarshe. Harafin ƙarshe ya ɗan karkace. Laifin alƙalami ne.

Akwai tsohuwar doka a shagon nan cewa babu sandar da za ta fita sai wanda ya haɗa ta ya gwada ta a teku da kansa. Yau na kafa ta. Oddny ta ce, "Kai da jirgin fito ke sa ka amai tun yana ɗaure?" Ta ce haka tana cusa safar ulu a jakata.

Na kira shi na karanta masa dokar.

"Munafuki," ya ce. "Ka zo da bokitinka."

Na kira Bergen ma. Batun launin zare kawai. Ya kamata a ji ra'ayin mai sanda. Maganar ta ɗan zarce. Ranar Lahadi za ta iso, kuma dole wani ya tarye ta a mashiga. Wannan sai mun yi nisa cikin teku zan gaya masa.

Iska ba ta kwanta ba tukuna.