Rawar da Na Taka Ni Kaɗai

Ruse, Bulgeriya

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon bayan? Yaya ƙanwata Jussara da mutanen garinmu Caruaru? Ni lafiya ƙalau nake. Gwiwar ma ba ta damuna sai in ana sanyi, illa dai nan kullum sanyi ake.

Ranar Lahadi na ci ƙwallona ta farko. Na ruga kusurwar fili, na kama rawar nan da muke yi da marigayi Baba a tsakar gida. Ko da na waiwayo, abokan wasana duk sun koma tsakiya. Kyaftin ya ce, "Valdenir, ka gama? Kai ake jira." Ba mugunta ba ce, haka suke.

Koci ya ce in gwiwar ta kai ni ƙarshen kakar wasa, za su riƙe ni. Ki sa ni a addu'a.

In an samu mai zuwa, ki aiko min da garin rogo. Kuma in kin kira ranar Asabar, kada ki fara da tambayar lafiyata. Ki fara cewa "Pituca". Wata bakwai ke nan rabon da in ji wani ya kira ni haka.

Allah ya bar min ke.

Ɗanki,
Pituca