Inshora Ba Ta San Yafiya Ba

Yaya Hajjo,

Gaisuwa mai yawa daga Abuja. Ya jikin Inna?

Kada hankalinki ya tashi, lafiyata ƙalau, wuyana ne kawai ba ya juyawa. Wani dattijo mai tasi ne ya daki sabuwar motata a Utako. Ya durƙusa yana roƙo, jama'a na ta ba ni haƙuri, na ce na yafe, ya tafi.

Yanzu kamfanin inshora sun ce ba rahoton 'yan sanda, ba gyara. Matar ofishin cewa ta yi, "Oga, mu ba mu yafe ba."

Ga Inna ta gaya wa kowa a motar zan zo Sallah. Ki taya ni addu'a, amma kada ki faɗa mata tukuna. Ita fa ta koya mini yafiyar.

Ƙaninki,
Abdulmajid