Baƙin Dutsen da Na Jefa a Tasharku

Ya ke Anthula, sanyin idona, inuwar zaitun da nake fakewa idan rana ta take, ɓauren da ya nuna a kan reshensa ba wanda ya gaggauta shi! Ya ke uwar Froso da Sotos, mai gashi baƙi sul kamar duwatsun bakin tekunku idan ruwa ya shafe su, mai dariyar da ke riga mai ita shigowa ɗaki! Gaisuwa da ban haƙuri daga mijinki Lambros, wanda ke zaune a Atina cikin gida mai ɗakuna har uku, amma ya rasa ɗaya da zai iya zama a ciki. Tunda kin daina ɗaga wayata, na koma ga takarda da biro irin na kakanninmu. Na ba da wasiƙar ga direban motar da ke kai muku fulawa da sukari, kuma ya yi mini alkawarin a hannunki zai danƙa ta, ba a hannun Gwaggo Kalliyopi ba.

Kin tuna zuwana na farko tsibirinku Nisiros, tun ba a yi maganar aure ba? Kika tuɓe takalmanki kika miƙo mini, kika faɗa teku kamar wadda uwarta ke kira. Ni kuwa ɗan kan tudu, wanda a ƙauyensu ruwa mafi zurfi shi ne na kwamin da tumaki ke sha, na zauna a gaɓa rungume da takalman nan, ina kallon kanki yana ƙanƙancewa cikin shuɗin ruwa, gabana na dukan uku-uku. Tsofaffin da ke ɗinkin koma suka yi ta dariya, a ranar suka raɗa mini suna Mai-gadin-takalma. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Wane sarki ne aka taɓa ba amanar da ta kai wadda kika ba ni? Duk nisan da kika yi, na san dole wurina za ki fito.

Bana kika ce mu kai yara su san ƙasar uwarsu, mu zauna har bikin Maryamu na tsakiyar Agusta, mu yi rawa a filin majami'a kamar da. Na ɗauki alkawari da bakina.

Amma don Allah wa ya sa wa tafiya da ƙananan yara suna hutu? Tun a tashar jiragen ruwa ta Pireyas Sotos ya wanke mini riga da amai, keken turinsa ya ƙi naɗewa, Froso kuwa tana tambayar ko mun iso alhali jirgi ko motsi bai yi ba. A gidan Gwaggo aka zuba mu huɗu a ɗaki ɗaya, yara a tsakiya, ƙafar wannan a haƙarƙarina, kan waccan a wuyanki. In na miƙa hannu ina neman naki, sai in damƙo ƙafar 'yar tsana. Da tsakar rana, lokacin da gari duka ke barci har kuliyoyi, a lokacin ɗanki ke gwada ƙarfin muryarsa, ke kina jijjiga, ni ina ba maƙwabta haƙuri ta taga. Na yi gunaguni, ban musa ba. To ga shi yau ina da gado ni kaɗai, in mirgina gabas in mirgina yamma ba mai taɓa ni, kuma da ana sayar da shurin Sotos a kasuwa da ni zan fara layi.

Kin san Agusta a sana'ata ta gyaran firiji, shi ne kakarmu. Zafi na kashe firiji kamar annoba, mahauta da masu askirim suna kira kamar gobara ta tashi. Ku kuna cikin ruwa, kin tallabo cikin Froso tana koyon buga ƙafa, ni ina gaɓa, takalmanku jere a gabana, waya manne a kunne. "Baba, dube ni! Baba, ka gani?" Sai in ɗaga hannu, ido kuwa yana ƙasa. Me na gani a hutun nan, hasken raina? Tekun da mutane ke ƙetare duniya don su kalla yana gabana, matar da ta fi tekun kyau tana cikinsa, ni kuma ina lissafin injin wani mai sayar da tsiran alade!

Ana gab da biki sai Babis abokin aikina ya kira. Ɗakin sanyi na babban mahaucin da muke yi wa aiki ya tsaya, nama na shirin ruɓewa. Na ce zan je in dawo. Kika ce, "Haka ka ce bara." Kuka rako ni tasha, Sotos a kafaɗarki, Froso tana tafe tana rataye da aljihuna. Da jirgi ya busa na ce, "Haba Anthula, duka kwana nawa ne?"

Kika ce, "Tafi abinka, Lambros. Nama ba ya jira. Mu ne aka halitta don jira."

Kin san zuciyata, wutar kara ce. Na juya fuu, na cusa hannu aljihu ina laluben tikiti, sai na ci karo da duwatsun nan da Froso ba ta gajiya da ɗura mini. Na zaro ɗaya, wallahi ko kallonsa ban yi ba, na wurga ta bayan kafaɗa. Na ji tsulum a gefen da masunta ke ɗaure kwale-kwalensu. Na haye jirgi ban waiwaya ba, ba don taurin rai ba, sai don kada ki ga idona ya kawo ruwa.

Na isa, na tayar da injin, na kira ki. Shiru. Na sake kira da safe, shiru. Na ce fushi ne, zai huce. Biki ya zo ya wuce, wani injin ya mutu, wani ya bi bayansa, ke kuma shiru. Ruwa ba ya tsami banza. Daga ƙarshe Gwaggo ce ta ɗauka.

"Me kuma ya rage, Mai-gadin-takalma? Ai ka gama magana."

"Wace magana, Gwaggo? Ɗan saɓani ne fa, irin na harshe da haƙori."

"Saɓani? Kai da ka jefa mana baƙin dutse a gaban jama'a! Baƙi ƙirin! Ni da idona na gani, mai gahawa ya gani, limamin majami'a ya gani har ya dafe ƙirji. Ko ku a can kan tudunku ba ku san ma'anarsa ba?"

Mun sani. Ko yaro a ƙasar nan ya san cewa wanda ya jefa baƙin dutse bayansa lokacin tafiya, ya rantse ke nan ƙafarsa ba za ta ƙara taka wurin ba. Na zauna daɓas a kan akwatin kayan aiki. Domin a kan dakalin wannan tashar ne mahaifinki ya tsaya, kina kamar Froso, ya duƙa ya zaɓi baƙin dutse da gangan, ya jefa, ya tafi Amurka, ko gawarsa ba ta dawo ba. Ke da kanki kika ba ni labarin, sau ɗaya tak, kika ce kada in sake tayar da shi. A duk mazan duniya, ni ne ya kamata in fi kowa tsoron dutse a wannan tasha. Da na sani ƙeya ce, Anthula, a baya take, kuma tawa ta yi mini nauyi har ba na iya ɗaga kai.

Gwaggo ba ta bar ni haka ba. "Ta riga ta kai sunan Froso makarantarmu," in ji ta. "Malama har da rungume ta, dama yara sun yi mana ƙaranci. Ka zauna da firijinka, ya yi maka hira."

Na ɗauka nan ne ƙarshen zafin, ashe da saura. Na zo wanke wandon da na yi tafiya da shi, na zazzage aljihu, duwatsu uku suka faɗo. Na jera su a kan tebur ba tare da tunanin komai ba. Washegari Gwaggo, wadda bakinta ya fi zuciyarta kaifi, ta ji tausayina ta miƙa wa Froso waya.

"Baba, kana kula da mu kuwa?"

"Ku wa, 'yar Baba?"

"Mu mana! Ai na sa mu a aljihunka don kada ka yi kewa. Mai ƙaton cikin nan kai ne. Farin ni ce. Ɗan mitsitsin Sotos ne, ka sa masa ido, ba ya jin magana. Baƙin kuma Mama."

Na dubi tebur. Ga ni da ƙaton cikina, ga Froso, ga Sotos. Na ce, "Me ya sa baƙin ne Mama?"

"Kai Baba! Ai na gaya maka, kana waya. Yana da farin layi ɗaya, irin farin gashin nan da Mama ke ɓoyewa a bayan kunne. Ka gaishe mini da ita."

Wayyo Anthula! Wayyo abar ƙaunata! Kina da furfura? Yaushe ta fito? A wace shekara, a kan wane zazzaɓin yaro, a kan wane jiran da na sa ki? Yarinya 'yar shekara biyar ta gan ta, har ta bi gaɓa tana neman dutsen da ya yi kama da ita, ni kuwa mijinki da ke kwana kusa da wannan kunnen ban gani ba. Ina jin ƙarar inji daga ƙofar shago in gane abin da ke damunsa, amma matata ta fara furfura a gabana ban sani ba. Mutanen tasha sun ga na jefar da tsibirinku. Ba su san abin ya fi haka muni ba: ke na jefar, ban ko duba abin da ke hannuna ba. Wannan shi ne abin da ke cina, kuma na faɗa miki shi ƙarara, don ba ni da wani lulluɓi da zan yi masa.

Yanzu ki saurara, in kin ga dama ki yi dariya, na ma fi so ki yi. Na shiga ajin koyon iyo a wurin ninƙaya na unguwarmu. Ajin manya ya cika, sai aka haɗa ni da 'yan shekara shida. Ga ni nan, ƙato da gashin ƙirji, riƙe da allon roba ina buga ƙafa, iyayen yara suna kallo daga benci suna danne dariya. Wata 'yar fitsararriya mai giɓi ta dube ni ta ce, "Kawu, ba fa shanye ruwan ake yi ba, ka rage mana." Malamar ta ce in fara koyon shawagi a sama. Na ce mata ni saman ruwa bai dame ni ba, ƙasa nake so ta koya mini. Shekaranjiya na nutse na taɓo ƙasa da hannuna, ido buɗe. Na fito ina tari kamar tsohuwar mota, amma na taɓo.

Ranar Asabar ina cikin jirgin da ke isowa da hantsi. Na bar wa Babis makullin shago, in nama zai ruɓe ya ruɓe. Ban zo in ja ki zuwa Atina ba, kuma ba zan ce ki cire Froso daga makaranta ba. In kin zaɓi tsibiri, to, a Nisiros ma firiji na mutuwa, kuma na ga na mai gahawa yana zubar da ruwa tun ina can. Inda kike nan ne gida, sauran duk bango ne da rufi.

Kakanni sun gaya mana abin da jifar baƙin dutse ke nufi, amma ba su faɗi hukuncin wanda ya dawo ya tsamo nasa ba, ina jin don ba a taɓa samun wawan da ya gwada ba. To ga ni. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Nawa a ruwa ya faɗa, kuma na san wurin. Ki ce wa Gwaggo ta fito da kujerarta, ta kira mai gahawa da liman, duk wanda ya ga jifar ya zo ya ga tsamowar. Na san ƙasan tasharku shimfiɗe yake da baƙaƙen duwatsu, na san zan yi ta fitowa da wanda ba shi ba, Froso tana cewa, "A'a Baba, wannan ba Mama ba ce." Zan koma. In rana ta faɗi ban samu ba, gobe ma rana ce. In hunturu ya same ni a haka, ya same ni.

Ina tsoron ruwan nan, ya ke numfashina, ba zan yi miki ƙarya ba. Har yanzu in ya rufe kaina sai in ji kamar an binne ni. Abu ɗaya kawai nake roƙo, ba yafiya ba ce tukuna, wannan sai na fito da dutse a hannu. Ki zo tasha. Ki tsaya a gefen kwale-kwalen masunta inda zan iya ganinki in na ɗago kai, ki kawar da gashinki bayan kunne in ga abin da nake nema. Shekara da shekaru ina riƙe miki takalma ina jiran ki fito. Wannan karon ke za ki riƙe nawa.

Naki ni kaɗai, a tudu ko a ƙarƙashin teku, har ranar da kanki zai yi fari fat ina kallo,

Lambros, Mai-gadin-takalmanki