Karabat ɗin Malam

Laraba, bayan isha'i

Yau na yi abin kunya, kuma a gaban mutane.

Na raka babban ɗana wurin tela a Zango, ya gwada kostim, wato kwat da wandon da zai sa ranar Asabar, in za su je meri, ofishin magajin gari, sa hannu a takardar aure. Telan ya baje mana karabat na ɗaurawa a wuya kala-kala, amma yaron bai ko dube su ba. Sai ya zaro wata tsohuwa daga aljihu, shuɗiya, duk ta koɗe.

Nan na buɗe baki. Na ce, "Wannan tsumma za ka ɗaura a wuya gaban surukai? Rowa ce ko rashin tarbiyya? Da ubanka na raye, da bai yarda ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, tasa ce. Da ita yake zuwa koyarwa a lakwal."

Telan ya juya, ya kama neman almakashin da ke hannunsa.

Shekara ashirin wannan karabat ta yi tana rataye a ɗakina. Ni ce kullum mai wa'azin a riƙa tuna iyaye, ga shi ban gane ta ba.

Haka muka iso gida. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in ce masa ya yi haƙuri. Na dai aiki ƙanwarsa ta karɓo mini karabat ɗin, na zuba garwashi a dutsen guga. Allah ya jiƙan Malam. Hannuna dai bai manta ninkinta ba.